Autarmu a Sama, Ni a Bakin Gada

A shekarar da garuruwan arewacin jiharmu suka riƙa faɗawa hannun 'yan bindiga ɗaya bayan ɗaya, babbar damuwar gidanmu a unguwar Luggere ta Jimeta ita ce awa nawa jirgi yake yi daga Dubai zuwa Kuala Lumpur.

Autarmu ce ta jawo mana. Ta samu gurbin karatun haɗa magunguna a Malesiya, abin da ba a taɓa yi ba a danginmu, tun daga na cikin Yola inda asalinmu yake har zuwa mu da aikin gwamnati ya kawo Jimeta. An bugo mata tikiti a wani shago kusa da babbar kasuwa, Baba ya karɓa ya huda shi ya ɗaure a fayil, kamar yadda ya saba yi wa kowace takarda a shekarun da ya yi a sakatariya kafin ya yi ritaya. Baba mutum ne da ya yarda da takarda fiye da yadda ya yarda da mutane. In ka gaya masa ana ruwa a waje, zai fi son a rubuto masa.

Tafiyar zango uku ce: Yola zuwa Abuja, Abuja zuwa Dubai, sannan Dubai zuwa Kuala Lumpur. Mahaifiyarmu, wadda muke kira Dada, ba ta damu da biyun farko ba. Ta san matan da suke zuwa Dubai saro kaya su dawo lafiya, har da ƙiba. Amma gaba da Dubai ba ta san kowa da ya taɓa wucewa ba. Ga shi kuma a farkon shekarar ta ji a rediyo cewa wani jirgi ya tashi daga wannan birnin da 'yarta za ta, ya ɓace da mutanen cikinsa, ba a gan shi ba.

Wata Asabar da yamma muna zaune a tsakar gida, ta tambaya. "Wannan na ƙarshen, awa nawa za ta yi a saman?"

Baba ya ɗauko fayil, ya sa tabarau. "Tashi, goma da rabi na safe. Sauka, tara da rabi na dare. Awa goma sha ɗaya."

Na ce, "Bakwai ne, Baba."

"A ina ka gani?"

"Agogonsu ba ɗaya ba ne. Na Kuala Lumpur yana gaban na Dubai da awa huɗu."

Ya miƙo mini fayil ɗin. "Nuna mini inda aka rubuta bakwai."

Ba a rubuta ba. A lokacin ina aiki a ɗakin karatu na jami'ar da ke tsallaken kogi, ina haya a Girei, sai ƙarshen mako nake zuwa gida. A ganina ni ne mai ilimin duniya a gidan. A ganin Baba kuwa ni mai jera littattafai ne a kanta.

Da gardama ta ƙi ƙarewa sai aka aika wa maƙwabcinmu. Mutumin Numan ne, Kirista, ya koyar da labarin ƙasa a sakandare har ya yi ritaya, kuma katanga ɗaya ta raba mu fiye da shekara ashirin. Kowa a layinmu Ticha yake ce masa. Ya shigo riƙe da tsohuwar ƙwallon taswirar duniya wadda gindinta ya karye, wajen Najeriya ya goge saboda yatsun ɗalibai, da tocila a aljihu. Ya sa autarmu ta riƙe tocilar a matsayin rana, shi kuma yana juya duniya a tafin hannunsa. Ya yi bayani mai kyau, irin na wanda ya daɗe bai samu aji ba. Har ya ciro zare daga bakin rigarsa ya auna tsakanin biranen biyu, ya ɗora a ma'auni, ya ce wajen kilomita dubu biyar da ɗari biyar ne.

"Kamar mutum ya je Mubi daga nan sau ashirin da bakwai," in ji shi.

A kwanakin kuwa ko sau ɗaya babu mai son zuwa.

Dada ta saurara har ya gama, sannan ta ce, "Na ji, Ticha. To awa huɗun nan, ina suke shiga?"

"Suna nan, Hajiya. Ranar da za ta dawo za a mayar mata da su."

Baba ya cire tabarau. "Shekara talatin da biyar na yi ina aikin gwamnati. Ban taɓa ganin abin da aka ce za a mayar an mayar ba."

Aka tashi a haka. Dada ta yanke nata hukuncin: ranar da jirgin zai tashi za ta zauna a kan sallaya tana addu'a daga tashinsa har saukarsa, kuma tunda malamai sun saɓa, sha ɗayan za ta ɗauka. Ticha ya lissafa mata da agogonmu. Jirgin zai bar Dubai da bakwai da rabi na safe. In maganarsa ce daidai, zai sauka da biyu da rabi na rana. In ta Baba ce, sai shida da rabi na yamma.

Ni kuma na ƙara wa kaina aiki. Na buɗe 'yar kwamfutata na nuna wa Dada wani shafi da ake ganin jirage suna tafiya a kan taswira, kowanne da layinsa a baya. Ta daɗe tana kallo. Ta ce ranar in zo da ita da sassafe in ajiye mata a gaban sallaya, tana so ta ga 'yarta da idonta.

Duk wannan muna yi ne gari yana cika. An hana hawa babur, an kafa shingaye a kan tituna, makarantun firamare da harabar majami'u sun cika da mutanen da suka gudo. Muna ganinsu, muna jajanta musu, muna kai abin da ya samu. Amma da mun shiga gida aka rufe ƙofa, sai a koma kan bakwai da sha ɗaya. Yanzu da nake tunawa, ina jin wannan gardamar ce kaɗai muke da ita wadda ba ta hana mu cin abinci.

Muka raka autarmu filin jirgi ranar Laraba. Ta rungume Dada, ta juyo gare ni yayanta ta ce, "Hamma, kar ka makara ranar Juma'a," ta shige. A ranar ce labari ya iso cewa an shiga Mubi.

Ranar Juma'a na fito daga ɗakina a Girei da bakwai da rabi daidai, da kwamfuta a jaka. Kafin in rufe ta na duba shafin, na ga jirgin yana shirin tashi, na bar shi a buɗe don kar in sha wahalar nemansa a gaban Dada. Daga Girei zuwa Luggere, in hanya ta yi kyau, tafiyar rabin awa ce.

Da na fito bakin titi ban gane shi ba. Manyan motoci, akori-kura, tifa, duk cike da mutane har saman kai. A gefe kuma masu tafiya a ƙasa, layi ba iyaka. Na ga mai ɗauke da katifa, na ga mace da keken ɗinki a ka, na ga wani dattijo yana jan akuya ɗaya da igiya yana yi mata magana. Babu mai kuka, babu mai ɗaga murya. Na samu wuri a wata ƙaramar mota, muka yi ta rarrafe. Sai wajen goma muka iso shingen sojoji da ke kafin gadar Binuwai.

A nan kowa yake sauka, ya buɗe kayansa, ya wuce a ƙasa. Da layi ya zo kaina, sojan ya leƙa jakata ya ce in kunna abin da ke ciki. Na kunna da saurina, irin saurin mai gaskiya. Fuskar kwamfutar ta haska, sai ga taswira, ga ɗan jirgi, ga layi a miƙe.

Ya dube ta, ya dube ni. "Wane jirgi kake bi?"

Na ce na ƙanwata ne, tana tafiya karatu.

"Ƙanwarka tana da jirgi?"

Na fara bayani. Ban sani ba ko gajiya ce ko tsoro, amma duk abin da na faɗa sai ya fito kamar na wanda ya haddace. Na ambaci Dubai, na ambaci kilomita, na ambaci ƙarfe nawa zai sauka. Ina magana ina jin yadda take shiga kunnen mutumin da ya kwana biyu a tsaye yana jiran a kawo masa hari. Bai zage ni ba, bai taɓa ni ba. Ya karɓi kwamfutar da wayata, ya nuna mini gindin wani dogon yaro ya ce in zauna sai oga ya zo.

A gindin bishiyar na tarar da wata tsohuwa. Ita ba a tsare ta ba, ƙafafunta ne suka tsare ta. Sun kumbura, tafin ya tsattsage, ta naɗe ɗaya da yankin zani. A gefenta tukunya ce guda da ƙaramin buhu. Na gaishe ta, ta amsa da irin Hausar mutanen kan dutse, wadda ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "shi" ne.

Ta ce daga wani ƙauye take kusa da Michika. Wannan gudunta na biyu ke nan: sun gudo Mubi wata biyu da suka wuce, yanzu kuma Mubin ta tashi. Ta jeji suka bi, ita da matar ɗanta da jikoki biyu, suna tafiya dare da rana har suka fito titi. A Gombi aka samu babbar mota, aka ɗora matar da yaran, aka ce ita ta jira ta baya. Ta baya ta zo, amma ba inda ta farko ta sauke su ta sauke ta ba. Ɗan nata kuwa tun a Mubi ya ce su yi gaba zai biyo su.

Ta faɗi wannan duka kamar mai ba da labarin kasuwa. Sannan ta ce, "Kai kuma me ka yi?"

Na gaya mata. Na ji kunya ina faɗa, amma ta saurara da gaske.

"Ƙanwanka yana sama yanzu?"

Na ce tana sama.

"Zai daɗe?"

"Awa bakwai."

"Wurin da nisa?"

Na ce da nisa ƙwarai, na faɗa mata kilomitan Ticha. Ba su yi mata amfanin komai ba. Ta ce, "Da ƙafa fa, kwana nawa ne?"

Ban taɓa tunanin a auna shi haka ba. Na zana lissafi a ƙasa da tsinke, na ce in mutum yana tafiya kullum ba hutu zai fi wata bakwai, kuma akwai teku a tsakani.

Ta jinjina kai. "To gara da ya shiga jirgin. Allah ya sauke shi lafiya."

Muka zauna. Rana ta take, inuwar ta matsa, muka bi ta. Wata mai sayar da ruwan leda ta wuce, na saya mana, tsohuwar ta sha rabi ta zuba rabi a ƙafa. Na ji kiran sallar Juma'a daga tsallaken kogi, na roƙi sojan ya bar ni na yi azahar a wurin. Lokaci-lokaci ina hango wayata a kan buhun yashi tana haske tana mutuwa. Na san daga inda kiran yake, na kuma san ba lafiyata ake tambaya ba.

Ogan bai iso ba sai da uku ta gota. Saurayi ne, bai fi ni shekaru ba, idanunsa jajur. Ya duba kwamfutar, wadda batirinta ya kusa ƙarewa, ya ce in kawo shaida. Allah ya sa Baba ya tilasta mini ɗaukar kwafin tikitin, ya ce kowane ɗan gida ya riƙe ɗaya. Na ciro na ba shi. Ya karanta a hankali.

"An ce ka ce awa bakwai."

"Eh, ranka ya daɗe."

"Nan sha ɗaya na gani."

Na buɗe baki zan fara, ya ɗaga hannu. Ya ce ba shi da ƙarfin jin wannan yau. Ya miƙo mini kayana ya ce in tafi, kuma in daina yawo da taswira a irin wannan lokaci.

Na kira gida nan take. Dada ce ta ɗauka. Ta ce, "Ta sauka. Ta kira mu tun ɗazu. Kai kuma sai ka riƙe na'urarka." Ta kashe.

Na rataya jaka, na yi wa tsohuwar sallama, na yi taku kamar goma. Ba zan ce tausayi ne ya juyo da ni ba, don tun safe nake wuce mutanen da suka fi ta ban tausayi. Abin dai shi ne mun yi awa biyar a inuwa ɗaya, kuma ta yi wa ƙanwata addu'a. Na koma na tambaye ta inda za ta. Ta ce nan ne Yola, ko ba nan ba ne? Na ce sai an haye gada. Ta ce to, in ta haye sai ta ga.

Na ɗauki tukunyar da buhun, ta dafa kafaɗata. Gadar nan na haye ta sau ɗaruruwa a mota ban taɓa sanin tsawonta ba. Kogin yana cike da ruwan ƙarshen damina. Sau uku muna tsayawa ta riƙe ƙarfen gefe ta huta. A tsallake muka samu keke mai ƙafa uku, ya kai mu Luggere ana fitowa daga sallar la'asar.

Baba da Ticha suna ƙofar gida a kan benci. Baba ya dubi agogo kafin ya dube ni. "Yarinya ta tsallaka teku ta isa. Kai kogi ɗaya ya gagare ka."

Baba ya riga ya samo wa kansa bayanin saukar da wuri: direban jirgin ya ga sama a washe, ya taka, ya rage awa huɗu. Ticha yana gefe yana kallon takalminsa. Da suka lura da wadda ke bayana sai maganar ta tsaya, suka tashi suka ba mu hanya.

Dada tana kan sallaya a tsakar gida, da carbi a hannu. Ta ji muryar 'yarta da kunnenta tun kafin uku, amma ta yi alkawarin sha ɗaya, kuma a wurinta saukar jirgi ba ta warware alkawari. Tun safe, in ba alwala ba, ba abin da ya tayar da ita. Ta ɗago za ta yi mini faɗa, idonta ya sauka a kan ƙafafun tsohuwar. Ba ta tambaye ni wace ce ba, ba ta tambayi daga ina ba. Ta ajiye carbin, ta miƙe, ta shiga kicin ta ɗora ruwa. Saura awa biyu da wani abu a alkawarinta. Ta zuba gishiri a ruwan ɗumin, ta durƙusa ta warware tsumman da kanta. Da ta gama ta ce mini in buɗe ɗakin auta in shimfiɗa zanin gado.

Wata biyar tsohuwar ta yi a ɗakin nan. Ranar Lahadi matar Ticha takan tafi da ita coci, daga can su zaga wuraren da aka sauke mutane, suna tambaya. A mako na uku suka samu matar ɗanta da yaran a harabar wata makaranta a cikin Yola. Dada ta ce a kawo su, ɗakin ya ɗauki huɗu. Labarin ɗan bai zo ba sai bayan sabuwar shekara, ta bakin wani direba: yana raye, ya tsallaka Kamaru.

Autarmu ta ji a waya cewa an ba da ɗakinta. Ta tambaya ko an taɓa akwatinta. Ba a taɓa ba. Silifas ɗinta kawai tsohuwar ta gada, don su ne suka shiga ƙafar da ta kumbura. Duk ranar da aka yi waya sai ta matso ta ce a gaishe da "yaron Malesiya," a tambaye shi ko yana samun tuwo.

Da aka ce hanya ta buɗe kuma damina ta matso, tsohuwar ta ce za ta koma, gona ba ta jira. Dada ta yi ta roƙonta ta ƙara wata ɗaya, ta ƙi. Muka raka su tasha. Ita da Dada ba su yi wata doguwar sallama ba, sun dai riƙe hannun juna har kwandasta ya gaji da jira.

Baba ya rasu kafin autarmu ta gama karatu. Yanzu tana aiki a wani kantin magani a Jimeta, tana da 'ya'ya biyu, kuma mafi nisan tafiyarta a mako ita ce kai su makaranta. Bara waccan na ɗauke ta a motata muka je ƙauyen, don Dada ta ce bai kamata mutum ya kwana wata biyar a gadonka ba ku san juna ba. Mun tarar da tsohuwar a ƙofar ɗaki mai sabon kwano tana ɓarar gyaɗa, idonta ya yi rauni. Ta gane muryata. Na ce mata ga mai ɗakin na kawo.

Ta kamo hannun autarmu, ta shafa fuskarta, ta shafa kafaɗarta, sannan ta sunkuya ta taɓa ƙafarta.

"Ashe ƙarami ne," ta ce. "Takalmin ne babba."

Ba ta bar mu mun taso ba sai da aka yanka kaza, muka ci da tuwon dawa. Ta cika mana leda da gyaɗar da ta ɓare ta ce a kai wa Dada, a kuma gaya mata ƙafar ta warke, gwiwa ce yanzu take damunta.